Alwarisu da Gonar Kakana

A Amarawa, dab da iyakar Illela, kakana ya bar gona. Ranar rabon gado gardama ta kaure tsakanin baffannina, sai malamin da ya zo rabon ya ce, "Kafin tsohonku, gonar ta wa ce?" Kowa ya yi tsit.

Tambayar nan ta sa na waiwayi tarihin yankinmu. Gobirawa sun yi zamaninsu har Alƙalawa ta faɗa hannun masu jihadi a 1808. A 1899 sojojin Faransa suka afka wa Birnin Ƙonni, maƙwabciyarmu. A 1903 Ingila ta ci Sakkwato, yarjejeniyar 1906 kuma ta ja layin da ya raba dangi gida biyu. A 1960 Turawan duka suka tattara komatsansu.

Kowannensu ya ɗauka mallaka ya yi, alhali aro aka ba shi. A nan na fahimci sunan Allah, Alwarisu: Shi ne Mai wanzuwa bayan duk mai riƙo ya shuɗe, gare Shi komai yake komawa.

An raba gonar. Baffannina sun yi musafaha kafin a shafa fatiha.