Jitar da aka haɗa da wayar birkin keke

1/ Jama'a, wata uku ke nan ina koyon jita. Yatsuna sun yi kanta, 'yan ɗakinmu sun gaji da ni. Jiya saura kaɗan in sayar da ita, sai na ci karo da tarihin Mdou Moctar.

2/ Ba'abzine ne daga Nijar, kuma bahago. Yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. A gida ba a yarda da kiɗa ba, balle a saya masa. Sai ya samo katako da wayoyin birkin keke ya haɗa tasa.

3/ Abin da ya fi ba ni mamaki: kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka bazu a Sahara daga waya zuwa waya ta Bluetooth.

4/ Ku kalli yadda yatsunsa ke gudu a "Afrique Victime" ta 2021. Wallahi sau biyar na maimaita.

5/ Tawa 'yar kanti ce, tsirkiya shida cif. Na fasa sayarwa. 'Yan ɗakinmu, sai haƙuri.