Faɗin gani da kaifin gani: taƙaitaccen tarihin na'urorin infraruj

A shekarar 1800, a Ingila, William Herschel ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya aza ma'aunin zafi gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komi. Ma'aunin ya hau. Wannan haske shi ake kira infraruj. Maƙasudin wannan takarda shi ne nuna cewa masu ƙera na'urorin hangensa sun daɗe suna fama da matsala guda: yadda za a duba fili mai faɗi ba tare da ƙaramin abu ya kuɓuce ba.

Da farko akwai batun kayan aiki. Gilashin yau da kullum ba ya barin infraruj mai dogon zango ya ratsa shi, don haka aka koma ga madubai da sinadarin jamaniyom. Iska kuma tana shanye shi, sai ta wasu kafofi, musamman tsakanin mikron 3 da 5, da kuma tsakanin 8 da 14.

Na biyu shi ne ƙarancin ƙwayoyin da ke jin hasken. Idan aka faɗaɗa hange alhali ƙwayoyin kaɗan ne, kowace ƙwaya sai ta ɗauki yanki babba, zafin abin da ake nema ya ɓace cikin na kewayensa. Maganin da aka samo shi ne sharar fili layi-layi. Misali shi ne taurarin ɗan Adam na DSP, waɗanda Amurka ta fara harbawa a 1970 don gano tashin makamai masu linzami. Suna ɗauke da madubin hange irin wanda Bernhard Schmidt ya ƙirƙiro a 1930 saboda faɗin ganinsa, da jerin ƙwayoyi 2,000 a taurarin farko. Tauraron yana juyawa sau 6 a minti, jerin ya share fuskar duniya kowane daƙiƙa 10. Su ne suka riƙa gano makaman Scud na Iraƙi a 1991.

Sai dai shara tana da aibi: abin da ya faru tsakanin wucewa biyu ba a ganinsa. Da aka iya jera ƙwayoyi masu ɗimbin yawa a faranti guda, sai aka samu na'urar da ke ƙura wa wuri ido. Tauraron SBIRS na 2011 ya haɗa duka biyu, mai shara da mai ƙura ido. Wannan haɗi shaida ne cewa an rage matsalar, amma ba a kawar da ita ba.