Darasin Gonar Gauraye ga Masu Ilimi

Tun da aka kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922, malaman gona suka daɗe a kan ra'ayi guda: shuka iri ɗaya a gona ɗaya ita ce noman zamani, manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a kunya kuwa rashin sani ne ke damunsa. Ba a ɗauki wannan a matsayin zato mai neman gwaji ba, domin kusan duk gwajin tashar a kansa aka gina shi. A nan haɗarin yake. Zaton mai ilimi ya fi na kowa wuyar tuhuma, saboda yana zuwa da alƙaluma da takardun shaida.

A tsakiyar shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi manoman Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka, wadda ke kan hanyar Zariya zuwa Kano, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona da abin da ta bayar. Sun tarar cewa kowane iri yakan ragu idan an gauraya shi, kamar yadda tashar ta faɗa, amma jimillar abin da eka ke kawowa ta fi ta shuka guda. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne watannin Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai, sa'ad da ƙwadago ke ƙaranci: a nan ma gauraye ya fi biyan wahalar mai shi. Idan ruwa ya yi gardama, gero ya tsira ko da dawa ta kasa. Ashe masanin buhun iri ɗaya yake aunawa, manomin kuwa abincin gidansa na shekara. Har yau mai bin gonakin Kudan da Makarfi da Ikara da damina zai ga wannan lissafi a kunya.

Wani zai ce yawan tuhumar kai yana raunana masana, har manomi ya daina sauraronsu. Amma da ma ba ya bin shawarar, kuma yana da dalili. Binciken ne ya sa Samaru ta soma gwada iri da taki a gonar gauraye, inda shawara za ta yi amfani. Wani kuma zai ce ai wannan yabon gargajiya ne kawai. Tarihin masara ya ƙaryata shi. Da ingantaccen iri da takin zamani suka samu daga shekarun 1970, manoman ƙasar Zazzau suka fitar da masara daga bayan gida zuwa manyan gonaki, suka rage dawa, ba tare da an tilasta musu ba. Sun sake ra'ayi cikin 'yan shekaru da suka ga hujja a rumbu, alhali tashar ta yi fiye da shekara 40 kafin ta tambayi nata.