Doki da Jirgin Sama: Hawa da Jerin Gwano a Tarihin Kano



A cikin shekarar 1925 birnin Kano ya ga abin kallo iri biyu, tsakaninsu wata shida da 'yan kwanaki. Na farko shi ne hawan daba da aka shirya a watan Afrilu domin Yarima mai jiran gadon Ingila, wanda daga baya ya hau karaga da sunan Edward na Takwas, ya kuma yi murabus a 1936. Na biyu shi ne saukar jiragen sama a Kano karo na farko, ranar 1 ga Nuwamba. Duka biyun sun faru ne a ƙarshen zamanin Sarki Usman, wanda ya yi sarauta daga 1919 zuwa 1926. An saba ba da labarin kowanne daban, wancan a babin al'adu, wannan a babin sufuri. Ni kuwa ina ganin ya fi kyau a haɗa su, domin manufar waɗanda suka shirya su ɗaya ce, watau a tara jama'a a fili a nuna musu inda ƙarfi yake.

Kafin mu kai ga 1925 sai mu koma baya, don kada wani ya ɗauka Turawa ne suka koya wa Kanawa hawa. Littafin Tarihin Kano, wanda ya jera sarakuna tun daga Bagauda, ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali. Ya kuma danganta wa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, abubuwa da dama da har yau da su ake gane sarki a cikin taro: kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina, da dawakin zage. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, kayan yaƙi da kayan mulki na shekara ɗari biyar ne suke wucewa ta gabansa. Asalin abin kuwa ba wasa ba ne. A zamanin da ƙarfin ƙasa yake kan doki, dole ne sarki ya san dawaki nawa kowane hakimi zai iya fitarwa, da yadda suke, da irin mutanen da ke kansu. Ranar Idi ita ce ranar wannan ƙidaya. Jafi ma, da muke tafa masa a yau, gwaji ne: mahaya su sako dawaki a guje da makamai a hannu su nufo sarki, sa'an nan su ja linzami a gabansa su yi jinjina. Ma'anarsa a fili take, ga ƙarfinmu, kuma naka ne.

Hatta wuraren da ake zuwa suna ɗauke da tarihin yaƙi. Fanisau, inda ake yin hawa na ƙarshe a wasu bukukuwan Sallah, sansani ne na Sarki Ibrahim Dabo lokacin da yake fama da Ɗantunku, kuma a can ne Bature matafiyi Clapperton ya same shi a 1824.

Abin da Turawa suka kawo shi ne daba. Kalmar asalinta ta Farisa ce, ta biyo ta Indiya, inda Ingilishi suka yi manyan taruka irin wannan a birnin Delhi a 1877 da 1903 da 1911, sarakunan ƙasar suka zo suka yi mubaya'a ga kambin Ingila. Gwamna Lugga kansa a Indiya aka haife shi, a can kuma ya yi wani ɓangare na aikin soja, saboda haka ba a nesa ya samo dabarar ba. Bayan an ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka kuma naɗa Sarki Abbas, ba a yi shekara goma cif ba sai da Lugga ya tara sarakunan Arewa a Kano ranar 1 ga Janairu, 1913. Bambancin hawan Sallah da hawan daba ƙarami ne a ido, amma babba ne a ma'ana. A hawan Sallah sarki ne ake yi wa jafi. A hawan daba sarki yana cikin masu wucewa, wani ne dabam yake zaune a rumfa. Daga nan aka ci gaba da yin haka duk lokacin da aka yi babban baƙo ko babban sha'ani: 1925 a Kano, 1956 a Kaduna domin Sarauniya Elizabeth, 1959 a Kaduna domin mulkin kai na Jihar Arewa, har zuwa 1977 lokacin bikin FESTAC, inda gwamnatin soja ta 'yan ƙasa ta zauna a mazaunin da Gwamna Bature ya bari. Hawan Nassarawa ma ɗan wannan zamani ne, domin ziyara ce da sarki yake kai wa Razdan, wadda bayan 'yanci ta koma ziyarar gidan gwamnati.

A nan ne labarin ya shafi Wudil kai tsaye. Kafin zuwan Turawa, galibin manyan hakimai a cikin birni suke zaune kusa da fada, jakadu ne suke kai da kawowa tsakaninsu da garuruwan da suke riƙe da su, kuma garuruwan nan a warwatse suke, ba a haɗe wuri ɗaya ba. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ne ya tsaya a kan a yanka ƙasa gunduma gunduma, wajen 1907 zuwa 1908, a kuma tura kowane hakimi ya tare a tasa. Ta wannan tsari ne Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birni a kan hanyar gabas, ta zama mazaunin Makaman Kano, sarautar gidan Joɓawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki huɗu tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Cargill haraji ne a gabansa, ba hawa ba. Amma sakamakon aikinsa ya sauya Sallah ƙwarai, domin hakimin da a dā kullum yana fada, yanzu sai ya zama mai zuwa daga nesa, da dagatansa da masu unguwanninsa da makaɗansa da dawakin ƙasarsa. Sallah ta zama lokacin da karkara take shigowa birni a jere, kowace gunduma da tata tawaga, ana kallonta ana kuma auna ta. Hakimin da ya zo da dawaki ramammu, ko mutane kaɗan, ba ya bukatar wani ya rubuta rahoto a kansa, birni duka ya riga ya gani.

Yanzu sai mu juya ga jiragen. Guda uku ne, ƙirar DH.9A, na rundunar mayaƙan sama ta Ingila, masu fiffike biyu sama da ƙasa, an yi su da katako da zane, kowanne yana ɗaukar mutum biyu. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, 1925, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka bi Kogin Nilu zuwa Hartum, suka yanko yamma ta Darfur da ƙasar Cadi da Barno, suka iso Kano a rana ta shida. Wannan hanya kuwa ba baƙuwa ba ce ga mutanenmu. Ita ce hanyar da alhazai suke bi a ƙasa zuwa Makka, tafiyar da takan ci watanni, wani lokaci shekaru, wasu ma su zauna a Sudan ba su dawo ba. Abin da ya girgiza mutane ke nan, ba ƙarar inji kaɗai ba. Da yake babu filin jirgi a lokacin, a filin sukuwar dawaki suka sauka. Ga mai son tarihi wannan abin lura ne: na'urar da ta zo ta ƙarasa raba doki da aikin yaƙi, a filin doki ta fara taka ƙasar Kano.

Kada kuma a ɗauka yawon buɗe ido suka zo. Ingila ta riga ta gano a Somaliya a 1920, da kuma Iraƙi a shekarun da suka biyo baya, cewa jirgin sama ya fi bataliyar soja arha wajen tsorata ƙasar da aka mallaka. Faransa kuma tana ta ƙoƙarin ratsa Sahara ta sama da ta ƙasa. Saboda haka tafiyar Coningham gwajin hanya ce, kuma nuni ne ga masu kallo a ƙasa. A Afrilu an nuna wa Yarima dawakin sarakuna. A Nuwamba aka nuna wa sarakuna da talakawansu abin da ya fi doki.

Bayan wannan abubuwa suka tafi da sauri. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila a kai a kai tsakanin Hartum da Kano. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar, dubbai daga cikinsu. Coningham ɗin nan kuwa yana daga cikin manyan kwamandojin da suka yi amfani da su a yaƙin hamadar Afirka ta Arewa. Bayan yaƙi Kano ta zama zangon jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka, kuma hotunan shekarun 1950 sun adana mana wani abu mai ban sha'awa: mabushi a kan raƙumi a filin jirgi, yana busa kakaki idan jirgi ya doso. Kakakin da tun zamanin Rumfa sarki kaɗai ake busa wa, ga shi ana busa wa jirgin fasinja. Tashin alhazai da saukarsu shi ya zama babban kallon jirgi na jama'ar Kano, dangi su cika mota daga ƙauyuka su kwana a filin jirgi. A nan ne kuma aka ga baƙin ciki mafi girma, ranar 22 ga Janairu, 1973, da jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka, mutum 176 suka rasu.

Akwai kashi na uku da masu rubutu kan hawa sukan tsallake, watau jerin gwanon da ba na sarauta ba. Ko a cikin hawan Sallah kansa, ba hakimai kaɗai ake gani ba. 'Yan tauri da maharba da makaɗa suna fitowa ƙungiya ƙungiya, kowace da shugabanta da kiɗanta da kirarinta, kuma mutum ba ya shiga cikinsu sai ta gado ko ta hannun ubangida. Waɗannan 'yan'uwantaka ce ta sana'a da sirri, wadda ta girmi duk wata ƙungiya mai rajista. A wajen hawa kuma ga Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ranar da jama'a suke ɗunguma zuwa Dutsen Dala. Ga kuma Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950, inda muridai suke fitowa da tutoci da bandiri daga Kabara zuwa maƙabartar Mai Giginya, zawiyya bayan zawiyya, daga ciki da wajen Kano. A ganina Maukibi muhimmin abu ne a tarihin siyasar birnin, ba na addini kaɗai ba. Ya zo daidai lokacin da jam'iyyun NEPU da NPC suke neman jama'a, ya kuma nuna cewa malami ma yana iya cika titi ba tare da doki ko ɗaya ba. Su ma 'yan makaranta an sa su maci ranar bikin daular Ingila, 24 ga Mayu, kafin a mai da macin na ranar 1 ga Oktoba.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne tsari. Wane ne a gaba, wane ne a baya, wa ya bi ta wace ƙofa, wa ya tsaya ya gai da wa. Jerin hakimai a ranar hawa takarda ce ta mulki, ko da ba a rubuta ta da tawada ba, kuma duk lokacin da aka taɓa mulkin sai an ga alamar a jerin. Mun ga haka da idonmu. Dokar 2019 ta raba masarautar Kano gida biyar, ta sa Wudil ƙarƙashin Gaya, har masu zaɓen sarki, da Makama a cikinsu, suka kai ƙara kotu. Tambayar inda dawakin Wudil za su nufa ranar Sallah, yamma ko gabas, ta zama tambayar shari'a. A watan Mayu na 2024 aka soke waccan doka, sai kuma rikicin kujerar sarautar Kano ya biyo baya. An dakatar da hawa a 2020 saboda annobar korona, wannan kowa ya fahimta. Amma hana hawan Babbar Sallah ta 2024 da na Ƙaramar Sallah ta 2025 dalilinsa tsoron karo ne tsakanin magoya bayan sarakuna biyu. A tsakanin waɗannan hani biyu ne, a watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta zauna a ƙasar Faraguwai ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. An karɓi shaidar a lokacin da dawakin suke ɗaure a turke.

Asarar ba ta tsaya kan masu rawani ba. Bayan kowane mahayi akwai baduku mai yin sirdi da linzami, da maƙeri mai yin likkafa, da maɗinkin babbar riga, da marinin Ƙofar Mata, da mai sayar da harawa da dusa, da yaron da yake koyon kiwon doki a barga. Sana'o'in nan da yawansu Sallah biyu ce kasuwarsu ta shekara, kuma sana'ar hannu idan ta yi 'yan shekaru babu ciniki, yaran gidan sukan koma acaɓa ko kasuwar waya, ba sa dawowa.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na jami'ar da ke nan Wudil, wadda aka buɗe a 2001, akwai aiki a ƙofar gida. Rahotannin gunduma na zamanin En'e suna nan a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai takardu da hotuna a Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa, da gidan tarihi na Gidan Makama. Abin da takardun Razdan da Di'o ba su damu da shi ba shi ne ɓangaren masu tafiya a ƙasa: kwana nawa tawagar Makama take yi a hanya kafin motoci su yawaita, a ina take yada zango, wa yake ciyar da dawaki, wane dagaci ne yake bin wane. Wannan yana bakin tsofaffin bargar hakimi da makaɗan gidansa, kuma mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda suka yi hawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a 1953, ya haura shekara tamanin a yau.