Motar Kara a Cikin Aji: Martani ga Masu Adawa da Darasin Ƙirƙira

Tun da Kirschner da Sweller da Clark suka fitar da maƙalarsu ta 2006 a mujallar Educational Psychologist, masu adawa da koyar da ƙirƙira a firamare suka sami madogara.  Hujjar malaman uku ita ce ƙwaƙwalwar ɗan koyo ba ta riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda, saboda haka idan aka ajiye wa yaro matsala aka ce ya nemo mafita da kansa, ƙarfinsa a lalube zai ƙare. Gara, in ji su, a nuna masa misalin da aka riga aka warware.

Ban musa batun ƙwaƙwalwa ba. Inda nake ganin an yi tuntuɓe shi ne ɗaukar darasin ƙirƙira a matsayin sakin yaro ba jagora. Hmelo-Silver da abokan aikinta sun nuna wannan kuskuren tun a 2007, mu kuma shaidarmu tana ƙofar gida. Yaron da ke haɗa motar kara bai farka da fasahar ba. Ya zauna gefen yayansa ya ga yadda ake feƙe ɓawon kara a soka shi cikin totuwa, da yadda ake yanka taya daga tsohon silifa. Motarsa ta fari takan yi ɗingishi, sai a ce masa hujin tayar bai zauna a tsakiya ba, ya kwance ya sake. Ga nuni, ga gwaji, ga gyara, duk a zama guda. Haka maƙeri ke yi da yaronsa, haka tela.

Za a ce wasa daban, manhaja daban. To, a dubi aikin Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Jigawa, kuma tukunya cikin tukunyar da ya yaɗa don sanyaya kayan abinci ta samo masa kyautar Rolex a 2000. Malamar aji biyar tana iya fara bayyana yadda ruwa ke tafiya da zafi idan yana bushewa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Sannan ta ba kowane rukuni tukwane biyu da yashi da tumatir, ta ce su tsara abin da zai hana shi saurin ruɓewa. Wasu za su cika yashi, wasu su ajiye tasu a rana, wasu su manta da jiƙa marufi. Da damina kuwa, su da kansu za su ga sanyin ya ragu saboda iska ta ƙoshi da laima. Bayanin da Sweller ke nema ya riga ya gabata. Abin da ya ƙaru shi ne yaro ya yanke shawara ya ga sakamakonta.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ba na cewa wanda ya iya tsara tukunya zai iya warware kowace matsala. Masu adawa suna da gaskiya cewa ƙwarewa ba ta saurin tsallakawa daga fanni zuwa fanni. Abin da hujja ta ba ni dama in faɗa, a ganina, shi ne yaro yana koyon awo da kwatantawa da jure sake aiki, a cikin fannin da aka koya masa.

Tsoron rashin kayan aiki ma yana da tushe. Da aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, injinan darasin gabatar da fasaha sun daɗe cikin akwatuna a makarantu da dama don babu wuta, ɗalibai suka koma haddace sunayen kayan da aka zana musu a allo. Kara da yumɓu da gwangwani ba sa jiran wutar lantarki. Ina roƙon kwalejojin ilimi su sa kowane malami mai jiran gado ya gudanar da irin wannan darasi ko da sau ɗaya kafin a ba shi takardar shaidar koyarwa ta NCE.