Green

green ana furta ta "girin", da jan wasali. Tushenta ɗaya da grass da grow, wato ciyawa da tsirowa.

*sifa* 1. Kore, koriya, launin ɗanyen ganye, tsanwa, algashi. Tutar Nijeriya kore ce da fari. 2. Ɗanye, wanda bai nuna ba, ko itacen da bai bushe ba: green mango, ɗanyen mangwaro. 3. Sabon shiga, wanda bai goge ba, mai saurin ruɗuwa. 4. Mai kiyaye muhalli. Wannan ma'ana ce ta fi yawo a jaridu yau, kuma nan masu fassara suka fi tuntuɓe: green energy makamashi ne mai tsabta, irin na rana da iska, ba "koren makamashi" ba. Daga nan jam'iyyar masu kare muhalli ta Jamus, wadda aka kafa a 1980, ta sami sunanta.

*suna* Filin ciyawa a tsakiyar ƙauyen Ingila. Jam'i greens: ganyayen miya, kamar alayyafo.

Green light: izinin ci gaba. Green with envy: cike da hassada. Green card: katin zama na dindindin a Amurka.