Makullin Tiga da Makomar Kifin Kogin Haɗeja

A kan titin Maiduguri, ba nisa da Unguwa Uku, hedikwatar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are take. Tun 1976 aka kafa hukumar, kuma ita ke riƙe da makullin madatsun ruwa na Tiga da Challawa. Abin da aka yanke a wannan ofis game da ranar buɗe ƙofar ruwa da yawan abin da za a saki, shi ke nuna ko masuncin Guri ko na Nguru zai ga kifi a komarsa. Hujjar wannan maƙala ita ce, kifin kogin Haɗeja ba zai farfaɗo ba sai an mayar wa kogin da damina da raninsa, kuma hakan ba zai samu ba sai da yarjejeniyar da ta ɗaure kowa, musamman Kano da ke zaune a kan ruwan.

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Jigawa, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da kogin Jama'are, sannan ya nufi Tafkin Cadi da sunan Komadugu Yobe. Kafin a gama Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kogin yakan cika ya batse a watannin Agusta da Satumba, ya malale fadama, da rani kuma ya ja baya har yashi ya fito. Rayuwar kifi a kan wannan kai-komo take. Da sabon ruwa ya sauko, tarwaɗa da kawara da ƙurungu da bargi sukan bi shi su shiga cikin ciyawar da ruwa ya shanye, su zuba ƙwai. 'Ya'yan su girma a ruwa marar zurfi mai ɗumi, inda abinci ya wadata, manyan kifaye kuma ba sa iya cim musu. Ruwa na janyewa su dawo gulbi da tafkuna da ƙibarsu. Masunta sun daɗe da sanin cewa shekarar da fadama ta cika, ita ce shekarar kifi, kuma binciken masana ya tabbatar da hakan a fadamun Afirka da dama.

Tiga, sannan Challawa da aka gama a 1992 kusa da Ƙaraye, sun juya wannan tsari. Suna tare ruwan damina, suna sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani na Kadawa da Kura da kuma ruwan shan birnin Kano. Ambaliyar da kifi ke jira ta ragu, gulbin da ya saba ƙafewa ya daina ƙafewa. A nan kacalla ta samu gindin zama. Ciyawa ce da ba ta jure fari, amma idan ƙafarta na cikin ruwa rani da damina, sai ta yi kaka-gida. Ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa irin su Burum Gana, ta tilasta ruwan ya karkata zuwa hanyar Marma da tafkin Nguru. Sai ga wani gari ruwa ya ci gonakinsa, maƙwabcinsa kuma yana kukan ƙishirwa. Kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shimfiɗuwa a cikinta, tsuntsun jan-baki kuma ya mayar da ita masauki yana faɗa wa shinkafa da gero.

Ba wanda zai yi musun amfanin madatsun nan. Shinkafar Kura da tumatir ɗin Kadawa shaida ne. Amma tun farkon shekarun 1990, masani Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar ke samarwa, noma da kamun kifi da itace, suka nuna cewa idan aka bi ta kan yawan ruwan da aka kashe, amfanin fadamar ya zarce na noman ranin da ke sama nesa ba kusa ba. Lissafin gwamnati bai ga wannan ba, domin kifin da aka banda a Nguru aka kawo kasuwannin Kano ba ya shiga kundin kowace ma'aikata.

An taɓa yunƙurin zama a teburi ɗaya. A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohin Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato tare da Gwamnatin Tarayya suka amince da tsarin kula da kwarin kogin baki ɗaya, suka kafa asusun amana, daga baya aka tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. A ƙasa kuma ƙauyuka sun yi ta gayya, maza cikin ruwa har ƙirji da lauje da adda suna saran kacalla don buɗe hanya. Aiki ne na a yaba. Sai dai duk wanda ya san ciyawar ya san cewa muddin gindinta bai bushe ba, abin da aka sare bana zai dawo baɗi. Sara magani ne na alama, cutar tana wurin sakin ruwa.

Wasu wurare sun nuna abin mai yiwuwa ne. A arewacin Kamaru, madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza-Logone. Da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, ciyawar kiwo da kifi suka dawo inda ruwan ya kai. A Amurka, bayan dubban kifin salmon sun mutu a kogin Klamath a 2002, ƙabilun Yurok da Karuk da manoma da kamfanin lantarki da jihohi biyu sun shafe shekaru suna ja-in-ja, har aka rushe madatsu huɗu, aka gama a 2024, kuma a shekarar kifin ya haura inda ya yi fiye da shekara ɗari bai taka ba. Mu ba rushe Tiga muke nema ba. Abin ɗauka shi ne, masu kamun kifin sun zauna a teburin a matsayin masu haƙƙi, ba 'yan rakiya ba.

Mu mazauna kudancin Kano muna da hannu ta fuska biyu. Ruwan da ake tacewa a Tamburawa daga ruwan da ke zama kogin Haɗeja yake. Sannan kwatocin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Na'ibawa suna zuba cikin rafin Tatsawarki, shi da Salanta mai ɗauke da dagwalon masana'antun Sharaɗa su gangara Challawa, inda majemu ke ƙara nasu. Ledar da aka jefa a kwata bayan tashar Unguwa Uku ba a nan take tsayawa ba. Tsarin da bai sa tace wannan ƙazanta cikin lissafi ba, rabin tsari ne.

Abin da ya rage shi ne a rubuta jadawalin sakin ruwa da doka za ta tsare: a saki babban ruwa daga Tiga da Challawa a tsakiyar damina, daidai da cikar kogin Jama'are, tare da sanar da garuruwan bakin kogi tun da wuri, a kuma rage shi da rani gwargwadon da gindin kacalla zai bushe ba tare da an hana birni sha ba. Masunta su ma su ɗauki nasu nauyin, su bar kafa dumba a bakin hanyar kifi lokacin zuba ƙwai, su bar taru mai ƙananan idanu. Muna kira ga hukumar da ke titin Maiduguri da gwamnatocin jihohin shida su farfaɗo da abin da aka faro a Damaturu, su kuma ba sarakunan ruwa na Guri da Nguru da Gashuwa kujera mai ƙuri'a a duk zaman da za a yanke ranar buɗe ƙofar Tiga.